Yadda Birnin Kopenhagen Yake Amfani da Zafi

Ɗalibai, ku lura da janareta idan yana aiki. Mafi yawan ƙarfin man da yake sha zafi yake zama, ya bi iska. Manyan tashoshin lantarki ma suna yin irin wannan asara.

A Kopenhagen, babban birnin ƙasar Danmak, ba a barin zafin ya salwanta. Ƙasar tana da sanyi ƙwarai, dole a ɗumama ɗakuna. Bayan tsadar man fetur ta 1973, gwamnati ta kafa dokar samar da ɗumi a 1979. Yanzu zafin tashoshin yana dafa ruwa. Ruwan yana bin bututu a ƙarƙashin ƙasa zuwa gidaje. Idan ya huce, sai ya koma tasha a sake dafa shi. Kusan dukkan gidajen birnin da shi suke samun ɗumi.

Ku sani, ruwa yana hucewa idan tafiya ta yi nisa. Saboda haka masu tsara gari suna gina tasha kusa da unguwanni.

Tambayoyi
1. Me ya faru a 1979?
2. Ina ruwan yake komawa idan ya huce?
3. Don me ake gina tasha kusa da unguwanni?