Sauyin Yanayi: Abin da Ke Sa Duniya Ɗumama

Kusan duk zafin da ke doron ƙasa daga rana yake zuwa. Hasken rana yana ratso iskar da ta lulluɓe duniya, sai gizagizai da ƙanƙara da farin rairayi su mayar da kamar kashi 30 cikin 100 nasa sama. Sauran kuwa ƙasa da teku su shanye, su yi ɗumi. Duk abin da ya sha zafi sai ya fitar da shi, don haka ƙasa takan riƙa sakin nata dare da rana, ta hanyar wani huci da ido ba ya gani. Wanda ya taɓa zama kusa da bangon siminti bayan magariba ya ji wannan hucin a jikinsa.

Da hucin nan yana ficewa sararin samaniya gaba ɗaya, da duniya ba ta zaunu ba. Masana sun lissafa cewa matsakaicin zafinta da zai tsaya a digiri 18 ƙasa da sifiri a ma'aunin Salshiyas, watau tekuna su daskare. Amma matsakaicin zafin duniya kamar digiri 15 ne sama da sifiri. Wannan tazara ta digiri 33 aikin waɗansu iskoki ne 'yan kaɗan da ke gauraye cikin iskar da ake shaƙa. Iskar nan kashi 78 cikin 100 nata naitirojin ne, kashi 21 kuma oksijin, kuma duka biyun ba su tare zafi. Masu tarewa su ne tururin ruwa, da iskar kabon dayoksaid, da miten, da naitiros oksaid. Suna barin hasken rana ya shigo, amma idan hucin ƙasa ya taso sai su kama shi, su mayar da wani sashe ƙasa. Aikinsu kamar na bargo ne: bargo ba ya ƙirƙirar zafi, hana na jiki tserewa yake yi. Masana na kiran wannan tsari tasirin gidan gilashi, saboda gidajen gilashin da manoman ƙasashen sanyi ke renon shuka a cikinsu.

Mutumin ƙasar Hausa ba ya bukatar ɗakin gwaji kafin ya gaskata wannan. A lokacin hunturu iska busasshiya ce, babu laima a cikinta, shi ya sa rana za ta yi ƙuna da azahar amma kafin asuba sanyi ya hana alwala da ruwan randa. A ƙarshen bazara kuwa, idan iskar kudu ta kawo laima, zafin rana yakan kwana tare da mutane, a kasa barci ko a tsakar gida. Bambancin dararen nan biyu, galibi tururin ruwa ne ya kawo shi.

Saboda haka riƙe zafi ba cuta ba ne, rahama ce. Cutar tana cikin ƙaruwarsa.

Sanin wannan ba na jiya ba ne. Tun a 1824 wani masanin lissafi na Faransa, Joseph Fourier, ya nuna cewa iska ce ke sa duniya ta fi yadda nisanta da rana ya kamata ya sa ta ɗumi. A 1856 wata Ba'amurkiya, Eunice Foote, ta gwada ta ga kabon dayoksaid ta fi iskar yau da kullum ɗaukar zafi a rana, sannan a 1859 John Tyndall ya auna ƙarfin iskokin nan ɗaya bayan ɗaya a Landan. A 1896 Svante Arrhenius na ƙasar Suwidin ya lissafa yadda zafi zai ƙaru idan kabon dayoksaid ta ninka. Daga 1958 kuma Charles Keeling ya soma auna iskar a kan dutsen Mauna Loa da ke Hawai, nesa da hayaƙin birane, aikin da har yanzu ba a daina ba. Lokacin da ya fara, kabon dayoksaid kashi 315 ce cikin miliyan. Yanzu ta haura 420. Kafin zamanin masana'antu kuwa kamar 280 ce, kuma an san haka ne daga ƙananan kumfan tsohuwar iska da suka maƙale cikin ƙanƙarar ƙuryar kudancin duniya. Ƙanƙarar ta nuna cewa a cikin shekaru 800,000 da suka wuce iskar ba ta taɓa kai yawan da take da shi yau ba.

To, daga ina wannan ƙari ya fito? Babban tushensa kwal ne da man fetur da iskar gas. Dukansu ragowar itatuwa ne da ƙananan halittun ruwa da suka mutu ƙasa ta binne su shekaru miliyoyi, tare da kabon da ke jikinsu. Muddin suna binne ba su da wani tasiri a kan iska. Daga wajen 1750 Ingila ta soma haƙo kwal da yawa don injunan tururi da masaƙu da narka ƙarfe, sauran ƙasashen Turai da Amurka suka bi, daga baya fetur ya zo da mota da jirgin sama. Duk abin da aka ƙona daga cikinsu, kabon ɗinsa yakan haɗu da oksijin ya zama kabon dayoksaid. Lita ɗaya ta fetur tana fitar da fiye da kilo 2 na wannan iska, ko da kuwa injin mai lafiya ne ba ya baƙin hayaƙi. A nan mutane da yawa ke kuskure, don suna zaton hayaƙin da ake gani shi ne matsalar, alhali kabon dayoksaid ba ta da launi, ba ta da wari. A yanzu duniya tana sakin kamar tan biliyan 37 nata kowace shekara daga makamashi da siminti. Simintin ma da kansa mai laifi ne, domin dutsen farar ƙasa da ake gasawa a yi shi yana fitar da iskar tun kafin a lissafa wutar da aka gasa shi da ita.

Teku da dazuzzuka suna shanye kusan rabin abin da ake saki. Ɗaya rabin yana zama a sama, kuma wani sashe nasa yakan daɗe ɗaruruwan shekaru. Ke nan hayaƙin da masana'antun Ingila suka fitar tun kafin Turawa su ci Kano a 1903, da sauransa a sama har yanzu.

Sare daji shi ne tushe na biyu na wannan ƙari. Itace yana zuƙar kabon dayoksaid yana gina jikinsa da ita, idan aka sare shi aka ƙona sai ya mayar da abin da ya tara, kuma an rasa mai zuƙar ta gobe. Inda abin ya fi muni shi ne manyan dazuzzukan Amazon da Kwango da Indunusiya, inda ake share dubban kadada don kiwo da noma da katako.

Iskar miten ba ta kai kabon dayoksaid yawa ba, kuma takan lalace cikin shekaru kamar 12, amma idan aka auna a tsawon shekaru 100 ƙarfinta na riƙe zafi ya ninka na kabon dayoksaid kusan sau 28. Tana fitowa daga tumbin shanu da tumaki da awaki lokacin da suke tuƙa, da fadamun shinkafa da ruwa ya kwanta a kansu, da juji, da bututun gas masu yoyo. Naitiros oksaid kuwa yawanci daga takin zamani take tasowa idan an zuba fiye da abin da shuka za ta ci, kuma ta fi miten ƙarfi nesa ba kusa ba.

Akwai masu cewa yanayi ai tun fil azal yake sauyawa, kuma gaskiyarsu. Hamadar Sahara ta taɓa zama ƙasa mai ciyawa da tafkuna. Zanen raƙuman dawa da ke jikin dutse a Dabous, arewa da Agadas, da tsohon kwalekwalen da aka tono a Dufuna ta jihar Yobe, wanda shekarunsa suka kai kamar 8,000, duk shaida ne. Irin wannan sauyi yana biyo bayan ɗan karkatar da duniya ke yi a zagayenta na rana, kuma yakan ɗauki dubban shekaru. Na yanzu kuwa cikin ƙarni ɗaya da rabi ya auku. Tauraron ɗan'adam yana auna hasken rana tun ƙarshen shekarun 1970, bai nuna ya ƙaru ba. Duwatsu masu aman wuta ma ba su ne ba, domin abin da mutane ke saki ya ninka nasu kusan sau 100, kuma babban amansu sanyaya duniya yake yi na ɗan lokaci, kamar yadda dutsen Pinatubo na Filifin ya rage zafi da kusan rabin digiri bayan 1991. Akwai kuma wata alama mai ƙarfi: da rana ce ta ƙara zafi, da iskar sama da ta ƙasa duk sun ɗumama, amma ta can sama sanyi take ƙarawa yayin da ta ƙasa ke ɗumi. Shi ya sa kwamitin masana na Majalisar Ɗinkin Duniya, IPCC, wanda aka kafa a 1988, ya yanke a rahotonsa na 2021 cewa babu shakka aikin ɗan'adam ne. Mai cewa ikon Allah ne bai yi ƙarya ba, sai dai Allah ya sanya wa kowane abu sababi, kuma sababin wannan an gano shi.

Zafin da ya ƙaru tun daga ƙarshen ƙarni na 19 ya haura digiri 1, shekarar 2024 kuma ita ce mafi zafi tun da aka soma ajiye lissafi. Digiri ɗaya ba ƙaramin abu ba ne, domin zafi yana haifar da zafi. Iska mai ɗumi tana ɗaukar ƙarin tururi kamar kashi 7 cikin 100 a kowane digiri, tururin kuma ya ƙara riƙe zafi, sannan idan ya tashi zubowa ya zubo da ƙarfi lokaci guda. Farar ƙanƙara idan ta narke, baƙin ruwan da ya maye gurbinta shan hasken rana yake yi maimakon mayar da shi. Teku ya riga ya tashi da kamar santimita 20 tun 1900.

Kada a haɗa ɗumamar duniya da hujewar rufin iskar ozon. Waccan matsala ce dabam, ta iskokin da ake sa wa firji da na'urar sanyaya ɗaki, kuma yarjejeniyar Montreal ta 1987 ta hana su, ramin yana cikewa sannu a hankali.

Hausawa na cewa kowa ya ɗebo da zafi bakinsa, amma a nan waɗansu suka ɗebo, bakin waɗansu ke ƙuna. Sin ce ke fitar da kusan kashi 30 cikin 100 na kabon dayoksaid ɗin duniya a yau, Amurka ce ta fi kowa tarawa a tarihi, Afirka duka kuwa ba ta kai kashi 4 ba. Ba adalci ba ne a ɗora wa matar ƙauye mai girki da kara alhakin ɗumamar duniya. Duk da haka Nijeriya tana da nata kason, musamman gas ɗin da ake ƙonawa a banza a rijiyoyin mai na yankin Neja Delta tun bayan gano fetur a Oloibiri a 1956. Haka nan sare itatuwa don gawayi da ƙona daji don farautar ɓera da gafiya, ko da tasirinsu a kan zafin duniya kaɗan ne, su ne ke tsiraita gona su buɗe wa zaizaya da kwararowar hamada hanya. Ɗumamar duniya tana tsananta zafi da rikicewar damina, amma ƙasar da aka riga aka tuɓe ita ta fi jin jiki. Manoman Maraɗi da Damagaram da suka koma barin gawo da sauran tsiron itatuwa a gonakinsu tun shekarun 1980 sun farfaɗo da miliyoyin kadada ba tare da dashe ba.

Rage hayaƙin duniya yana wuyan manyan ƙasashe, bisa alkawarin da suka ɗauka a Faris a 2015 na tsayar da ƙarin zafi ƙasa da digiri 2. Kare itace da gona kuwa yana wuyan mai unguwa da manomi da makiyayi, kuma ya kamata hukumomi su samar wa jama'a gas ɗin girki da wutar sola a farashin da talaka zai iya kafin su hana shi sara.