Amsoshin Tambayoyinku: Ta ina zan fara gajeren fim ɗina na farko?

Tambaya: Ni ɗalibi ne a Garwa. Mun shirya yin gajeren fim da abokaina, sun ce ni ne darakta. Ban taɓa yi ba, kuma wayar hannu kaɗai gare mu. Anya zai yiwu? Daga wani ɗalibi, Garwa, Kamaru.

Amsa: Zai yiwu ƙwarai, muddin ba ka ɗauki Dala ba gammo ba. Abin da ya fi kayar da sabon darakta shi ne ɗauko labarin da ya fi ƙarfinsa, ba rashin kyamara ba.

Manyan ma da ƙarami suka fara. Ousmane Sembène na Senegal ya fito da Borom Sarret a 1963, fim na kusan minti 20 a kan yinin wani mai keken doki a Dakar. Maƙwabcinku Mahamat-Saleh Haroun na Chadi ya fara da gajerun finafinai, irin su Maral Tanié na 1994, sai a 2010 ya ci kyauta a bikin Cannes na Faransa. To, kai ma nemi mutum ɗaya mai damuwa ɗaya: masunci a bakin Binuwai da komarsa ta yage, ko yarinyar da kuɗin makarantarta suka ɓata. Minti 5 zuwa 7 sun isa, da 'yan wasa biyu ko uku, a wuri ɗaya ko biyu. Rubuta komai tukuna. Shafi guda yakan ba da kimanin minti guda.

Inda nake so ka fi sa ido shi ne sauti. Mai kallo zai yafe maka hoto mai ɗan duhu, amma da zarar ya kasa jin magana, ya tashi ke nan. Ka san ƙarar babura a titunan Garwa, don haka je wurin tun kafin ranar aiki, ka tsaya shiru ka saurara. Ranar ɗauka, ɓoye waya ta biyu kusa da bakin mai magana ta riƙa naɗar murya. A tafa hannu sau ɗaya a gaban kyamara kafin kowace ɗauka, da wannan tafin za ka daidaita murya da hoto lokacin tacewa.

Sai haske. Ranar tsaka tana zuba inuwa a idon mutum, kuma a watannin Maris da Afrilu, da zafin Garwa kan haura digiri 40, waya takan yi zafi ta tsaya. Ku fito da hantsi ko bayan la'asar. Kwantar da wayar a kwance, ka kafa ta a kan abin da ba ya motsi. Kowace fitowa a ɗauke ta daga nesa, sannan kusa da fuska. In aikin zai kwana, ɗauki hoton tufafin kowa, kada hula ta canja a tsakiyar zance.

Kafin duk wannan, nemi yardar masu gida da mai unguwa, ka kuma tuntuɓi ofishin ma'aikatar al'adu kan takardar izini in a fili za ku yi aiki. Abokanka kuwa kyauta suke maka, ka ciyar da su, ka gyara musu kuskure a keɓe.

Roƙona gare ka, kada ka kwaikwayi finafinan Kano ido rufe. Bar mutanenka su yi magana yadda ake yi a Garwa, Fulatanci da Hausa da Faransanci a cakuɗe, ka sa fassara a ƙasa. Labarin arewacin Kamaru yana da masu sauraro: a Kolofata Cyrielle Raingou ta ɗauki Le Spectre de Boko Haram, fim ɗin kuma ya ci babbar kyautar bikin Rotterdam a 2023. A gida ma akwai bikin Écrans Noirs na Yawunde, wanda Bassek Ba Kobhio ya kafa a 1997.

Fim ɗin farko ba ya rasa aibi, amma kada hakan ya sa ka ɓoye shi. Tace shi, ka kammala, ka haska wa mutanen da ba abokanka ba, ka lura da inda hankalinsu ya kauce. Daga nan za ka san abin gyarawa a na biyu. Allah ya ba da sa'a.