Sinadarin Ƙarfe a Lambun da Ba Ƙasa

Duk wanda ya dubi ragowar ganuwa a wajen Ƙofar Gayan ya ga jar ƙasa, to ƙarfe ne ya rina ta. Ƙasar Zazzau ba ta rasa shi ba, shi ya sa masu lambu a bakin kogunan Kubanni da Galma ba kasafai suke tuna shi ba. Amma wanda fili ya yi wa kaɗan a cikin birni, ya koma dasa latas ko tumatir cikin bututu da ruwan taki kawai, ya sani cewa abin da bai zuba ba shukarsa ba za ta samu ba.

Kaɗan ake bukata, miligiram 2 zuwa 3 a lita guda, amma in babu shi ganye ba ya yin kore. Ga alamarsa: sabon toho na sama ya fito ruwan ɗorawa, jijiyoyinsa kuwa kore shar. In abin ya tsananta sai ya koma fari fat. In tsofaffin ganyen ƙasa ne suka fara rawaya, wannan wata yunwar ce dabam, galibi ta naitirojin.

To, a nan ne mutane ke ɓarnar kuɗi. Da sun ga rawaya sai su ƙara taki, alhali sau da yawa ƙarfen yana nan cikin ruwan, saiwa ce ta kasa shansa. Dalili shi ne tsamin ruwa, wanda ake aunawa da ma'aunin pH. Tsakanin 5.5 da 6.5 ƙarfe yana narke. Da awon ya haura 7 sai ya koma tsatsa, ya kwanta a gindin tankin ruwan takin. Ka ga ke nan tsohuwar ƙusa da wasu ke jefawa ba ta tsinana komai. Toka da kanwa kuwa kada su kusanci tankin, don su ne ke kashe tsamin. Auna ruwanka tukuna, na rijiya ne ko na burtsatse, domin kowane da halinsa.

Ƙarfen da ake saya don wannan aiki an naɗe shi da wani sinadari mai hana shi kwanciya. Karanta jikin leda. Mai EDTA ya fi araha, amma yana saki in awo ya wuce 6.5. Mai DTPA yana jurewa har wajen 7. Mai EDDHA ya fi su juriya da tsada, yana kuma mai da ruwa ja, kada ka tsorata.

Hasken rana yana lalata wannan naɗi, don haka a rufe tanki, a sa shi a inuwa. Wannan ya fi zama dole a zafin Maris da Afrilu, lokacin da ruwa ke ɗumi, iska ta ragu a cikinsa, saiwa ta galabaita ta kasa sha. Mai neman ƙarin bayani ya tuntuɓi malaman gona na IAR ko NAERLS a Samaru, ya kai musu ganyen da ruwan a kwalba.