Ruwan hura da ruwan koko

Kunu yana hawa wuta, koko ma haka. Amma hura da ruwan sanyi ake dama ta. Ruwan zoɓo da na tsamiya su ma sai an ƙara musu ruwan sanyi kafin a sa sukari. Wannan ruwa da bai ga wuta ba, ta nan zawo da kwalara suke shiga gida. A shekara ta 2018 kwalara ta kama mutane da yawa a Madarumfa, cikin jihar Maraɗi. A 2021 ta dawo, ta kai har Damagaram da Tawa.

Ruwan famfon birni ana sa masa magani kafin ya shiga bututu. Sunan maganin kulor, danginsa ɗaya da zabel na wanki. Shi ke kashe ƙwayoyin cuta waɗanda ido ba ya gani. Shi ne kuma ke kawo ɗan warin nan da ake ji a bakin famfo. Mata da yawa ba su son warin cikin hura. Suna da gaskiya, ba shi da daɗi. Amma warin alama ce cewa ruwan yana da mai gadi.

Mai jiƙa gero don koko tana son ya yi tsami. Wasu ƙwayoyi ne masu amfani suke kawo tsamin, kuma maganin famfo in ya yi yawa yana rage musu ƙarfi. Dabara tana da sauƙi. A zuba ruwan cikin roba mai faɗi, a rufe da ƙyalle mai tsabta, ya kwana. Da safe warin ya ragu. Sai dai ruwan da ya kwana haka mai gadinsa ya tafi. Ya yi ga koko, tunda koko zai dahu. Kada a dama hura da shi, kada a ba yaro.

Ruwan damun hura, a tare shi daga famfo ran nan, cikin bido wankakke mai marfi. In daga ƴan ga-ruwa aka saya, ko daga rijiya ko tabki aka ɗebo, sai an gyara shi. In yana da laka, a tace da ƙyalle mai tsabta, a bari ya kwanta. Garin ƴaƴan zogale yana taimaka wa laka ta kwanta, amma bai isa ya kashe cuta ba. Daga nan a tafasa shi, ya yi ta ɓararraka har minti 1, a rufe ya huce cikin tukunyarsa.

In itace ya yi wuya, akwai ƙwayar Aquatabs. Girmanta iri-iri ne, wata ta bido mai lita 20 ce. A duba takardarta ko a tambayi ma'aikacin likita. Bayan an jefa ta, a jira minti 30 kafin a sha.

Saura ƙwarya da ludayi da hannun mai damu. A wanke su da sabulu da ruwan da aka gyara. Moɗar randa kada ta kwana a ƙasa, a rataye ta. Mai sayar da hura ko zoɓo a kasuwa ta tambayi mai ƙanƙara da wane ruwa ya yi ta, domin sanyi ba ya kashe ƙwayar kwalara.