In Ka Ci Karo Da Namun Dawa A Damargu

Mai fita daga Belbeji zuwa gandun dajin Gadabeji, wanda aka keɓe tun 1955, ya nemi rakiyar ma'aikacin gandun daji. A 2018 aka kai raƙuman dawa can daga Kure. Ka ba su tazara, don shurin uwa mai ɗa yakan karya ƙashi.

A makiyayar Tanut kuwa, kyanwar daji, dila da yanyawa duk gudun mutum suke yi. Wadda ta nufo ka da rana tsaka tana tangaɗi, ita ce abin tsoro, wataƙila haukan kare ne. Kada yara su ɗauko 'ya'yansu daga rami, komai kyansu. In an yi cizo ko yakushi, a wanke wurin da ruwa da sabulu har minti 15, a garzaya asibiti a ranar don allura.