Amsoshin Tambayoyinku: Giɓi a Baki da Gadar Haƙori

Wani mai sauraronmu daga garin Bodinga ya aiko yana cewa an cire masa turmi ɗaya, shin dole ne ya cike giɓin, tunda ba a gani?

Malam, mun gode. Shawararmu ita ce a cike shi. Haƙora na jingine da juna ne, in ɗaya ya fita, na gefe sukan karkato cikin giɓin, wanda ke fuskantarsa ya zazzago, abinci ya riƙa maƙalewa, ruɓa ta biyo baya. Ana iya cike giɓin da gadar haƙori, wato haƙorin roba ko na tangaran da ake ɗaure wa haƙoran gefe biyu. Hular haƙori kuwa, ana kifa ta ne kan haƙorin da ya fashe amma saiwarsa na da ƙarfi.

Wani zai ce ai kafin a sa gada sai an goge lafiyayyun haƙoran gefe. Haka ne, kuma abin da aka goge ba ya dawowa. Shi ya sa aikin ba na mai sa haƙorin Makka a kasuwa ba ne, sai likita ya duba dasashi, ya ɗauki hoto. Daure ka je sashen haƙori na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato. Allah ya ba da lafiya.