Kafin a ɗora wa tsohuwar saba sabuwar manhaja

Tun da CentOS 7 ya daina samun gyara ranar 30 ga Yunin 2024, masu kula da kwamfutocin asibitoci masu zaman kansu da makarantun kuɗi a Nyanya da Mararaba suka shiga aikin sauya manhaja. Yawancin sabobin da ke hannunsu na gwanjo ne, irin su HP ProLiant da Dell PowerEdge, kuma a nan ƙurar take tashi.

Adana kwafin bayanai da tanadin janareta, wannan ko ɗan koyo ya sani. Gwani kuwa furosesa yake fara tambaya. Sai ya buga lscpu ya karanta sunanta da jerin umarnin da take ganewa. Ganin x86_64 ba ya sa hankalinsa ya kwanta, domin yanzu 64-bit ɗin ma hawa-hawa ne. Red Hat 9 na 2022 yana neman matakin x86-64-v2, wanda Xeon na zamanin Nehalem, tun 2009, ya kai. Red Hat 10 na 2025 ya ɗaga zuwa v3, wato sai da AVX2, wanda ya zo da Haswell a 2013. Ke nan PowerEdge R730 ta tsallake, R720 kuwa, duk ƙarfinta da yawan ma'adanarta, an bar ta a baya.

Inda aka fi cin tuntuɓe shi ne kwamfutar da aka ƙirƙira a cikin saba, wato baƙuwa. Ƙarfen yana iya zama sabo fil, amma tsofaffin fitowar Proxmox sukan ba baƙuwar furosesar kwaikwayo mai suna kvm64, wadda ke ɓoye SSE4.2 da POPCNT. Ana kunnawa sai glibc ya ce furosesa ba ta kai v2 ba, komai ya tsaya cak. An sha ganin wanda ya keta cunkoson titin Keffi zuwa kasuwar Banex neman sabon inji, alhali maganin shi ne ya mayar da nau'in furosesar zuwa host, ya kashe baƙuwar gaba ɗaya, sannan ya kunna. Shi ya sa tsofaffin hannu suke buga lscpu sau biyu, a kan ƙarfen da kuma a cikin baƙuwar, su gwada jerin biyu.

Sai manhajojin da ke sama, kowace da sharaɗinta. MongoDB 5.0, misali, ba ya tashi sai da AVX. Idan maigida ya ce babu kuɗin sabon inji bana, AlmaLinux 10 yana da fitowa ta musamman domin v2, kuma da ita R720 za ta ci gaba da aiki.